Waye A Cikinmu Ya Taɓa Ganin Kasafin Kuɗin Ƙaramar Hukumarsu?

A watan Agustan da ya wuce, ruwan dare ɗaya ya tafi da kwalbatin da ke tsakanin garinmu da bakin kwalta. Ba wata gada ce ta a zo a gani ba, bututun siminti ne guda biyu da aka binne a rafi tun ina firamare. Amma ta kansa ake fitar da gero da gyaɗa da wake, ta kansa 'yan sakandare ke wucewa a keke, ta kansa ake kai mai naƙuda asibiti. Da ya tafi sai a-kori-kura ta daina shigowa, 'yan acaɓa suka ƙara kuɗi saboda zagayen da suke yi ta cikin gonakin mutane, masu gonakin su kuma suka fara tare hanya da ƙaya.

Wanda ya san ƙasarmu ta arewacin Kano ba zai ga laifin masu gona ba. A nan babu filin banza. Daga Minjibir zuwa Dambatta, daga Makoda zuwa Bichi har Tsanyawa, gona na jingine da gona ne, kowace kunya da mai ita, kowace bishiyar kuka ko ɗorawa an san ta gidan wane ce. Idan babur ya taka maka kunya biyar na wake, ya taɓa maka tuwon gida.

Washegari guruf ɗin WhatsApp na matasan garinmu ya kama da wuta. Wani ya ɗora hoton ramin ya rubuta cewa ga abin da cire tallafin mai ya jawo mana. Wani ya ce laifin gwamna ne. Masu jar hula suka taso, 'yan Gandujiyya suka taso, aka koma tone-tonen wanda ya yi gadar sama a birni da wanda ya ci bashi. Kafin azahar saƙonni sun fi a ƙirga, an fitar da mutum biyu daga guruf, kwalbati kuwa an manta da shi. Can da yamma wani malamin firamare da ba ya yawan magana ya rubuto layi ɗaya: "Wai gyaran kwalbatin nan yana cikin kasafin ƙaramar hukuma na bana?"

Shiru kake ji. Har da ni.

Ina aji uku a jami'a, aikin jarida nake karanta. Zan iya zama in yi maka awa guda kan zaɓen Amurka, in lissafo maka ministocin Abuja, in gaya maka abin da ya faru a majalisar dattawa jiya. Amma a ranar ban san sunan ma'ajin ƙaramar hukumarmu ba, ban san ranar da kansiloli ke zama ba, ban ma san ko ana buga kasafin a takarda ba. Sau ɗaya na taɓa shiga sakatariya, lokacin da nake neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma don cike fom ɗin tallafin karatu. Na san yawancinku ma haka ne: takardar indijin, ko ta neman aikin soja, shi ke nan dangantakarmu da gwamnatin da ta fi kowace kusa da ƙofar gidanmu.

Kunya ce ta sa na koma na yi karatu.

Aikin waye?

Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44 cikin 774 na ƙasar nan, da mazaɓu 484. Kowace mazaɓa da kansilanta. Dambatta, misali, mazaɓu 10 gare ta, irin su Ajumawa da Fagwalawa da Kore da Sansan. Kundin tsarin mulki na 1999 bai bar aikinsu a duhu ba, akwai jadawali na huɗu da ya zayyana shi, kuma da ka karanta za ka ga rayuwar ƙauyenku ce aka rubuta. Kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, banɗakunan jama'a, maƙabartu, kwashe shara, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, lasisin keke da amalanke da baro da kwale-kwale, kula da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi. Sannan ta haɗa hannu da jiha a ilimin firamare da yaƙi da jahilci, da kiwon lafiya, da bunƙasa noma.

Wato kwalbatinmu ba na shugaban ƙasa ba ne. Hanyar ba ta tarayya ba ce, ba ta jiha ba ce. Mun kwana muna jifan Abuja a kan abin da ofishinsa ke nisan tafiyar babur daga garinmu.

Kuma ba ciyaman kaɗai ne a gidan ba. Akwai mataimakinsa da sakatare, akwai kansilolin da aka zaɓa waɗanda su ne majalisa, akwai kansiloli masu gafaka da ake naɗawa su kula da sassa. Ƙarƙashinsu ga ma'aikatan da ba sa tafiya idan siyasa ta juya: daraktan mulki, ma'aji, shugaban sashen ayyuka, na noma, na lafiya, sakataren ilimi. Waɗannan su suka san inda kowane fayil yake kwance.

Idan kana so ka gane shekarar ƙaramar hukuma a ƙasa irin tamu, kada ka duba kalandar ofis, duba sama. Da rani maganar ruwa ce: burtsatsen da ya tsaya, famfon tuƙa-tuƙa da ya karye, layin jarkoki tun asuba, ga fargabar sanƙarau da gobarar kasuwa. Da bazara ya kamata a yashe kwatoci a duba kwalbatoci kafin ruwa ya sauka, a kuma yi maganar taki. Damina ta zo da amai da gudawa, da rushewar gidajen ƙasa, da masu bi gida-gida suna ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Da kaka kuma rigimar burtali ce, don shanu za su sauko kafin wani ya gama kwashe wakensa, kuma burtalin da kakanninmu suka bari an cinye rabinsa da garma. A nan ne ake zaman sulhu da hakimi da dagatai da ardo da baturen 'yan sanda. A tsakanin waɗannan ga zagayen allurar shan inna, ga ciyarwar azumi, ga hidimar alhazai. Kowane ɗaya daga cikinsu kuɗi ne, kuma kowane kuɗi ya kamata a ce yana da layinsa a takarda guda da ake shiryawa a ƙarshen shekara, a kai ma'aikatar ƙananan hukumomi, ciyamomi su je gaban majalisar dokokin jiha su kare ta. Ita ce takardar da malamin nan ya tambaya.

Adakar kakana

Da na fara wannan bincike, ba a intanet na samu abin da ya fi tsaya mini a rai ba, a ɗakin kakana na same shi. Yana da wata tsohuwar adaka, a cikinta akwai takardun haraji da ya biya tun yana saurayi, sun yi ja, wasu gara ta ɗan taɓa gefensu. Na tambaye shi me ya sa yake ajiyar su har yanzu. Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro ne. A da wannan takardar ita ce mutum. Ba ka da ita, ba ka isa ka shiga kasuwa da daɗin rai ba."

A zamanin En'e, bayan an girbe amfanin gona, mai unguwa ne ke bi gida-gida, ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai Baitulmali a birni. Makiyayi kuma ya biya jangali a kan kowace saniya. En'e ta Kano ta yi suna wajen arziki a duk ƙasar nan, tana da kasafinta na shekara da ake bugawa, da 'yan dokarta, da kotunanta, da gidan yarinta. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a farkon shekarun 1930, da kuɗinta aka kawo ruwan famfo da wutar lantarki birnin Kano. Ku lura fa: manomin ƙauye ya biya, famfon ya tsaya a birni. Wannan ciwon ba yau ya fara ba.

Kada wani ya ce ina yabon haraji. Kakana da kansa ya ba ni labarin waɗanda aka shanya a rana a ƙofar gidan dagaci, da waɗanda suka sayar da akuyar matarsu, da waɗanda suka gudu ci-rani ba su dawo ba sai da ƙura ta lafa. Wannan zaluncin na cikin abin da NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi ta yaƙa. Shi ya sa da Abubakar Rimi ya hau mulkin Kano a 1979 ƙarƙashin PRP ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murnar da har yau tsofaffi ke ba da labarinta. Kafin nan, garambawul ɗin 1976 ya riga ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, aka mai da su mataki na uku na gwamnati, aka yanka musu kaso daga asusun tarayya.

Amma akwai abin da ya tafi tare da haraji wanda ba mu lura ba. Mutumin da aka cire wa kuɗi daga rumbunsa ya san hukuma na rayuwa ne da guminsa, ko da tsoro ya hana shi magana. Mu kuwa mun taso mun tarar kuɗin daga sama yake zuwa, sai muka ɗauke shi kamar ruwan sama: in an yi Alhamdulillahi, in ba a yi ba sai haƙuri. Ciyaman ma ya san ba daga aljihunmu albashinsa ke fitowa kai tsaye ba, don haka fuskarsa na kallon Kano ne, ƙeyarsa ce ke kallonmu.

Alhali kuwa muna biya. Duk katin waya da datar da ka saya ka zauna kana zagin gwamnati da ita, akwai harajin VAT a ciki. Duk ranar Lahadi ka je kasuwar Dambatta ka ga yadda tireloli ke lodin shanu da hatsi, ka tuna kowace rumfa da kowace dabba da kowace mota akwai abin da ake karɓa a kanta. Haka ake yi a duk kasuwannin ƙauyukanmu. Na sha raka Baffana sayar da rago a wata kasuwa da ke kusa da mu. Wani lokaci a ba shi rasit, wani lokaci a karɓa a sa a aljihu a ce Allah ya sa albarka. Ban taɓa ganin ya ce a ba shi takarda ba, ni ma ban taɓa cewa ba.

Hanyar da kuɗin ke bi

Kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa na zama a Abuja. Bayan an cire kason jihohin da ake haƙo mai, a kowace Naira 100 gwamnatin tarayya na ɗaukar 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. A kuɗin VAT kuma kason ƙananan hukumomi kashi 35 ne cikin 100. Ana raba musu ne bisa wasu ma'aunai: wani ɓangare daidai-wa-daida, wani bisa yawan jama'a, wani bisa faɗin ƙasa da sauransu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin da ake rabawa ya ƙaru sosai a lissafin Naira, ko da yake darajar Nairar ma ta zube. Ana maganar ɗaruruwan miliyoyi ne a wata ga ƙaramar hukuma guda. Kuma wannan ba sirri ba ne: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na wallafa rabon, da sunan kowace ƙaramar hukuma da abin da aka rubuta mata. Ranar da na buɗe na ga layin tamu, sai da na sake ƙirga sifilin da yatsa.

To amma kada ka yi saurin ɗaukar hoton allon wayarka ka rubuta "ɓarayi". Abin da aka rubuta daban, abin da ke isa sakatariya daban. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma shekara da shekaru nan kuɗin ke fara sauka. Daga nan ake cire albashin malaman firamare, wanda shi ne ke lashe kaso mafi tsoka, da na ma'aikatan lafiya, da na sauran ma'aikata, da fansho, da kason masarauta, da na horar da ma'aikata, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa. Da Kano ta amince da mafi ƙarancin albashi na Naira 71,000 a ƙarshen 2024, wannan nauyin ya ƙaru. Ita jiha kuma doka ta ce ta riƙa ba ƙananan hukumomi kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigarta na cikin gida. Wannan ma tambaya ce da ban taɓa jin wani a guruf ɗinmu ya yi ba.

Ayyukan haɗin gwiwar nan su ne inda magana take. Duk ɗan Kano ya san titin kilomita biyar da aka ƙaddamar a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma a zangon Kwankwaso na biyu. Wasu an gama, wasu sun yi shekaru a yashe suna tara ruwa da ƙura, sai da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta zo aka koma kan wasunsu. Ni ba na cewa titin ba shi da amfani. Tambayata ita ce: da an tara mutanen mazaɓarmu an ce su zaɓa tsakanin titi mai hannu biyu da fitilu a hedikwata, da kwalbatoci da burtsatse a ƙauyuka, me za su zaɓa? Ba a tambaye su ba. A Kano aka yanke, a Kano aka cire kuɗin.

Kun kuma tuna abin da ya faru a Agustan 2024, lokacin da Dan Bello ya saki bidiyo kan kwangilar sayen magunguna da aka ce kowace ƙaramar hukuma za ta biya kusan Naira miliyan 10 ga kamfani guda. Gwamna ya fito ya ce bai san da maganar ba, ya umarci hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha ta bincika. Ko me mutum yake tunani game da salon Dan Bello, abin da ya girgiza gari ba barkwancin ba ne, takardun da ya nuna ne. Mun yi ta yaɗa bidiyon muna dariya, amma kaɗan ne a cikinmu suka ɗauki darasin cewa takarda ce ke sa hukuma ta amsa, zagi kuwa sun saba da shi.

'Yancin da aka ce an ba su

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na tarayya Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnonin jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin: a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Soshiyal midiya ta yi biki a ranar. Bayan shekara guda ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE na nan tana kukan ba a aiwatar ba, ana ta ja-in-ja kan buɗe asusu a Babban Banki.

Ina goyon bayan hukuncin, amma ina da tsoro biyu, kuma gara in faɗe su.

Na farko tarihi ne. A farkon shekarun 1990, zamanin Babangida, an taɓa damƙa wa ƙananan hukumomi albashin malaman firamare, malamai suka yi watanni ba a biya su ba, aka yi ta yajin aiki har sai da aka sauya tsarin. Shi ya sa ƙungiyar malamai ta NUT ba ta son a mayar da albashinsu hannun ciyamomi. Ko a 2025 malaman firamare na Abuja sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki saboda rigimar albashi da shugabannin ƙananan hukumominsu. Malamin da ya yi mana tambayar kwalbati, da na yi masa maganar 'yancin nan, cewa ya yi, "Ɗalibi, ni dai a bar mini albashina inda yake."

Na biyu shi ne yadda ake samun ciyaman ɗin tun farko. A zaɓen ƙananan hukumomi na Janairun 2021, APC mai mulkin jiha a lokacin ta lashe kujeru 44 cikin 44. A na 26 ga Oktoban 2024, NNPP mai mulki a lokacin ta lashe 44 cikin 44, da kansiloli 484 cikin 484. Jam'iyya ta sauya, lissafin bai sauya ba. Ba Kano kaɗai ba ce, kusan duk jihohin ƙasar nan haka hukumomin zaɓensu ke yi. Wanda ya san ba ƙuri'armu ce ta kai shi ba, ko an zuba masa kuɗin a asusunsa kai tsaye, ya san gidan da zai kai gaisuwa. Idan kuɗi ya bar hannun da ba ma gani ya koma wani hannun da shi ma ba ma gani, kwalbatinmu bai ƙaru da komai ba.

Ranar da na je neman takardar

A hutun da ya wuce na hau babur na tafi sakatariyarmu. Ba zan faɗi wacce ba ce, don ba wani nake so in tozarta ba, kuma na tabbata abin da na gani ba a can kaɗai yake ba. Ranar Laraba ce da hantsi. Rabin ofisoshin a kulle, awaki na kiwo a harabar, wasu dattawa na zaune a gindin darbejiya suna jiran sa hannu. Na sami wani ma'aikaci mai kirki, na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, kwafin kasafin kuɗin bana nake nema in duba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Daga wace hukuma?"

Na ce ba daga ko'ina ba, ɗan garin nan ne, ɗalibi.

"Wa ya turo ka?"

Wannan tambayar ta fi komai ci mini rai, ba don ya yi ta da mugunta ba, a'a, da gaske mamaki yake. A tsawon aikinsa babu wanda ya taɓa shigowa ya nemi takardar nan don kansa. Duk mai tambaya ko mai bincike ne daga Kano, ko ɗan adawa ne da aka aiko. Ya ce sai da izinin darakta, darakta kuma ya tafi Kano taro. Ya ba ni ruwa, ya tambayi mahaifina, ashe ma sun yi makaranta tare. Na fito hannu rabbana.

A hanyar dawowa ne na tuna wani abu da muka karanta a aji game da Yuganda. A farkon shekarun 1990 an bi sawun kuɗin da gwamnatin ƙasar ke tura wa makarantun firamare don hidimar ɗalibai, aka gano kusan kashi 13 cikin 100 ne kawai ke isa, sauran na narkewa a ofisoshin gunduma. Sai gwamnati ta fara buga abin da ta tura a jaridu duk wata, aka ce makarantu su liƙa nasu a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya kai wajen kashi 80. Akwai wasu gyare-gyaren da suka taimaka, amma ginshiƙin abin shi ne iyaye da malamai sun san nawa aka turo. Mu a nan ba ma buƙatar jarida. Kowane gari na da guruf, kowace mazaɓa na da mai shafin Facebook da ke ɗora hoton ɗaurin aure da na ta'aziyya. Shafi biyu na kasafi ba su fi ƙarfin kyamarar wayarsa ba.

Doka ma na bayanmu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma a rubuce, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma an ba hukumar kwana 7 ta amsa. An daɗe ana gardamar ko ta shafi jihohi, sai a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta shafe su, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo. Akwai kuma ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi, wanda aikinsa ne ya duba littattafansu duk shekara ya kai rahoto majalisar jiha. Kuskurena shi ne na je da baki. Baki ba ya shiga fayil.

Da na dawo na ba da labari a guruf, an yi mini dariya, wani ya ce in bari kawai in ina son takarar kansila ne in fito fili. Amma mutum tara sun biyo ni ta gefe, har da mata biyu, ɗaya ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ce da ta ce ita ma tana so ta san nawa ake rubuta wa magani. Muka zauna a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, muka rubuta wasiƙa shafi ɗaya zuwa ga ciyaman, kwafi ga kansilanmu. Abu uku muka nema: shafukan kasafin bana da suka shafi mazaɓarmu, abin da ya shigo asusun ƙaramar hukuma a watanni ukun baya, da abin da aka tara a kasuwarmu a daidai wannan lokacin. Muka ƙara da roƙo guda, tunda yanzu ne ake haɗa kasafin baɗi: a sa kwalbatin a ciki. Mai unguwa ya sa hannu, liman ya sa, shugaban 'yan acaɓa ya dangwala. Wannan karon da muka kai, ba mu tafi ba sai da aka buga mana hatimin karɓa a kan kwafinmu.

Kwana 7 sun wuce, amsar ofis ba ta zo ba. Kansila dai ya zo da kansa ranar Juma'a bayan an sauko, ransa a ɗan ɓace, yana cewa me ya sa ba mu same shi a gida ba sai mun haɗa shi da takarda. Da aka yi ta magana ya huce, sai ya faɗi abin da ya sa kowa ya yi tsit: shi ma ba shi da kwafin kasafin. Ya ga takardar ranar da aka kawo musu, amma ba a bar masa ita ba. Ya yi alƙawarin zai nema a zamansu na gaba, mu kuma muka ce za mu raka shi mu zauna a baya.

Ramin kuwa mun cike shi da aikin gayya, buhunan ƙasa da ɓaraguzan wani tsohon gini. Babur na wucewa, amalanke na wucewa da dabara, a-kori-kura har yanzu a bakin rafi take tsayawa a yi mata dako, ga kaka ta yi, kowane buhun gero sai an ƙara masa kuɗin ɗauka.

Na ɗora hoton wasiƙar mai hatimi a guruf daren jiya, tare da saƙon kansila cewa an ce masa za a sa kwalbatin a kasafin baɗi. Aka fara turo alamar tafi da addu'o'i. Malamin firamaren nan ya bari sai da aka gama, sannan ya rubuto: "Madalla. A tambayo mana a shafi na nawa, kuma nawa aka rubuta masa."